Masara da Safe, Harsashi da Dare: Yaƙin Ganin Ido da Amurka Ke Yi da Aladen Daji

A dazukan jihar Teksas ta Amurka akwai wata na'ura da kowane maharbi ya sani. Ganga ce ta ƙarfe ko ta roba da ake ɗorawa bisa dogayen ƙafafu uku, a cika ta da masara. A gindinta akwai ɗan inji mai batir da agogo. Da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana injin yakan juya na 'yan daƙiƙoƙi, ya watsa masara a ƙasa. Manufar ita ce barewa ta saba da wurin, ta riƙa zuwa a kan lokaci, domin idan aka buɗe kakar farauta mai bindiga ya zauna a ɗan ɗakinsa na katako can gefe, ya jira nama ya kawo kansa.

Sai dai barewa ba ita kaɗai ke iya riƙe lokaci ba. Aladen daji ya fi ta saurin ganewa. Yakan zo da garkensa ya share masarar, ya kori barewar, ya tone ƙasar wurin kamar an bi da garma, wani lokaci ma ya ture gangar ya fasa. Da dare kuma sai rakun, wata dabba mai girman kyanwa da hannuwa masu yatsu kamar na biri, ta hau ƙafar gangar ta juya farantin injin da kanta. Wannan ya haifar da wata kasuwa mai zaman kanta: kejin ƙarfe da ake rufe injin da shi, shingen waya da ake kewaye gangar, fitila mai koren haske wadda ba ta cika razana alade ba, da madubin bindiga mai gano zafin jiki cikin duhu. Maharban da ke sayen waɗannan kaya suna ɗaukar kansu a matsayin dakarun da ke kare ƙasa daga annoba.

Matsayina a wannan rubutu shi ne akasin haka. Farautar aladen daji don nishaɗi, tare da masarar da ake zubawa a daji, tana cikin manyan abubuwan da suka raya annobar suka kuma yaɗa ta. Duk ƙasar da ta mayar da matsala abin sha'awa da hanyar samun kuɗi, to ta ɗauki ma'aikatan da za su tabbatar matsalar ba ta ƙare ba.

Baƙon da aka kawo da hannu

Kada mai karatu ya ɗauka gadu ake nufi, wato mugun dawa na dazukanmu. Gadu ɗan ƙasa ne a Afirka, yana da zaki da damisa da kura masu rage shi. Nahiyar Amurka kuwa ba ta da alade ko ɗaya kafin zuwan Turawa. Kolumbus ya kai aladu tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493. A 1539 Hernando de Soto ya sauka da garkensa a Fulorida. Shekaru aru-aru bayan nan manoma suna sakin aladunsu su yi kiwo a daji, wasu su ɓace su zama na dawa.

Zubi na biyu shi ya fi dacewa da zancenmu. Daga ƙarshen ƙarni na 19 attajirai suka fara shigo da aladen dawa na Turai, mai baƙin gashi da dogon haure, don kawai su sami abin harbi. Austin Corbin ya zuba su a gandunsa na New Hampshire a shekarun 1890. A 1912 aka kai wasu wani gandun farauta a tsaunin Hooper Bald na Karolina ta Arewa. Suka fasa shinge, suka haɗu da na gida da suka gudu, aka sami irin da ya haɗa yawan haihuwar aladen gida da taurin ran na dawa.

Duk da haka, har farkon shekarun 1980 aladen daji bai wuce jihohi goma sha bakwai zuwa sha takwas ba, galibinsu a kudu. A yau Ma'aikatar Noma ta Amurka na cewa sun haura miliyan 6, an kuma gan su a jihohi kusan 35. Teksas kaɗai an ƙiyasta tana da wajen miliyan 2.6. Hasarar da suke jawowa, haɗe da kuɗin yaƙar su, an daɗe ana sa ta a dala biliyan 1.5 a shekara, daga baya ma'aikatar ta ɗaga adadin zuwa biliyan 2.5.

Dabbar da ta yi shekaru ɗari huɗu a kudu, ta yaya ta cika ƙasar cikin shekaru arba'in? Alade ba ya tashi sama, ba ya kuma ƙaura mai nisa. Amma sai a wayi gari a ga sabon garke a gundumar da ke da ɗaruruwan kilomita daga garke mafi kusa. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a Kalifoniya da Fulorida ya nuna abin da jami'an gandun daji suka daɗe suna zargi: a bayan mota aka kai su. Mutane ne ke kama su da rai, su sake su kusa da gida don su sami abin farauta ba tare da doguwar tafiya ba.

Lissafin da bindiga ba ta iya ci

Macen alade na iya ɗaukar ciki tun ba ta shekara ba. Cikinta kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Takan haifi biyar ko shida a lokaci guda, kuma idan abinci ya wadata tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Babu wata babbar dabba a Amurka da ta kama ƙafarta a wannan fanni.

Masana a Jami'ar Texas A&M sun lissafa cewa sai an kashe kusan kashi 66 cikin ɗari na aladun jihar a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake. A lura, ya tsaya aka ce, ba a kai ga raguwa ba. Abin da aka kashe a 2010 ta dukkan hanyoyi, harbi da tarko da karnuka da jirgin sama, bai wuce kashi 29 ba. Maharbin da ya kashe alade biyu a daren Asabar ya ɗauki hoto, uwar garke ta riga ta mayar da gurbinsu kafin ya wanke motarsa.

Da a ce harbin bai tsinana komai ba kawai, da sauƙi. Ɓarna yake yi. Aladu na rayuwa ne garke-garke, iyaye mata da 'ya'yansu, su goma ko ashirin ko fiye. Idan aka buɗe wa garke wuta a gindin gangar masara, ɗaya ko biyu ke faɗuwa, sauran su watse. Waɗanda suka tsira sun yi karatu: sukan koma fita da tsakar dare, su ƙaurace wa duk abin da ke warin mutum, su ƙi shiga tarko, su tsallaka gonar maƙwabci. Ga shi kuma mai farautar nishaɗi ƙaton namiji mai haure yake nema don ya rataye kansa a bango, alhali kashe namiji ba ya rage haihuwa, tunda namiji ɗaya ya ishi mata da yawa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Mu koma kan gangar. Ƙiyasin da masana harkar namun daji a Teksas suka saba ambatawa shi ne ana zuba masarar da ta kai wajen tan 136,000 a dazukan jihar kowace shekara da sunan ciyar da barewa. Haihuwar alade kuwa ta dogara ne da ƙoshi. Macen da ta sami masara kullum tana saurin balaga, tana haihuwa da yawa, 'ya'yanta kuma suna tsallake lokacin fari da sanyi, lokacin da yunwa kan rage su. Ma'ana, abin da yanayi ya tanada don taƙaita garke, maharbi ya soke shi da buhun masara.

Haka zancen yake ga ƙananan dabbobin da ake kira maɓarnata. Rakun da ya sami abinci a wuri guda kowane dare yakan tara 'yan'uwansa a wurin. Idan sun gama da masara sai su bi ciyawa suna fasa ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, irin su talotalon daji da salwa, waɗanda su ma maharban ke kukan ƙarancinsu. Wani gwaji da aka yi a Teksas da sheƙunan da aka dasa da gangan ya nuna cewa na kusa da gangar masara sun fi fuskantar wannan ɓarna. Daga nan sai mai gandu ya sayi tarko ya shiga kashe rakun, ya kira abin kula da daji. Shi ya gayyato ɓarawon, shi ne kuma alƙalin da ya yanke masa hukunci.

Ita kanta barewar ba ta tsira ba. Tara dabbobi su ci daga wuri guda, yawu na haɗuwa da yawu, hanya ce ta yaɗa cuta. A jihar Mishigan an danganta dawwamar tarin fukan shanu a jikin barewa da wannan al'ada tun shekarun 1990, kuma jihohi da dama sun hana zuba abinci saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu. Masarar da ta jiƙe ta yi funfuna kuma tana ɗauke da gubar da ke illa ga tsuntsaye.

Abin takaicin shi ne maganin rabin matsalar sananne ne kuma mai araha. An gwada a Teksas an ga shingen waya mai tsayin inci 28 zuwa 34, wato ƙasa da mita ɗaya, yana hana manyan aladu kaiwa ga masara, barewa kuwa ta tsallake shi cikin sauƙi. Mai son barewa da gaske zai kafa shi. Amma akwai gangunan da ba za a taɓa kewayewa ba, domin aladen ake so ya zo.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar Teksas mallakar mutane ce. Mai son farauta sai ya biya mai fili. Barewa tana da kaka da adadin da doka ta ƙayyade, alade kuwa babu kaka babu adadi, ana harbinsa dare da rana duk shekara. Saboda haka ya zama hajar da ba ta yankewa. A 2011 majalisar jihar ta halatta sayar wa masu sha'awa kujera a jirgi mai saukar ungulu su harbi aladu daga sama. A 2017 ta ƙara da balan-balan mai ɗaukar mutane. A 2019 ta cire sharaɗin lasisi ga mai harbin alade a filin da mai shi ya yarda. Akwai cibiyoyin da ke sayen aladu masu rai daga masu tarko, a yanka, a sayar da naman har Turai. Doka ma ta yarda a kai mazan gandun farauta masu shinge a sake harbinsu a can.

Kowace doka cikin waɗannan an gabatar da ita a matsayin makamin yaƙi. Amma a tsaya a yi tambaya guda: idan aka wayi gari babu alade ko ɗaya a Teksas, wa ya yi hasara? Mai jirgin haya, mai gandun da ke karɓar kuɗin kwana, mai sayar da madubin dare, mai sarrafa nama. Wa ya ci riba? Manomin masara da dawa da gyaɗa wanda garke ke bin layin shukarsa cikin dare yana tone iri ɗaya bayan ɗaya, da makiyayin da ake cinye wa 'yan raguna, da mai tarakta da ramukan alade suka karya wa inji. Waɗannan mutane biyu sau da yawa maƙwabta ne, waya ce kawai tsakaninsu. Ɗaya na kiwon abin da ke cinye ɗayan.

Kuma hasarar ta wuce gona. Aladen daji na ɗauke da cututtukan da ke kama dabbobin gida da mutane, ciki har da burusela. A 2006, lokacin da alayyafon Kalifoniya ya gurɓata da ƙwayar cutar da ta kwantar da mutane kusan 200 ta kashe uku, masu bincike sun sami irin ƙwayar a jikin aladun dajin da ke yawo kusa da gonar. Masu kiwon aladu na kasuwa kuma suna kwana da fargabar zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya shiga Jamus ta jikin aladun dawa a 2020, ya kuma ɓulla a Jamhuriyar Dominika a 2021. Ranar da ya shiga garken daji na Amurka, babu shingen da zai tare shi.

Jihohin da suka gwada, da abin da suka gani

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada an gani. A 1999 jihar Tenesi ta buɗe farautar aladen daji duk shekara ba tare da iyaka ba, da niyyar maharba su gama da shi. A lokacin yana cikin gundumomi kusan 15. Zuwa 2011 ya kai kusan 80 daga cikin gundumomi 95 na jihar. Hukumar namun dajin jihar ta gane cewa ita da kanta ta ba mutane dalilin dasa aladu a inda babu su. A shekarar ta cire shi daga jerin naman farauta, ta sa shi a jerin maɓarnata.

A sansanin soja na Fort Benning da ke Jojiya an gwada lada. Daga 2007 zuwa 2008 duk wanda ya kawo wutsiyar alade ana biyansa, har dala 40. Masu binciken da suka bi diddigin shirin sun tarar aladun ƙaruwa suka yi. Masu neman ladan sun zuba abinci mai yawa don jawo su, aladun suka ƙoshi suka hayayyafa. Turawan mulkin mallakar Faransa sun sha irin wannan a Hanoi a 1902, da suka sa lada a kan wutsiyar ɓera, sai aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo, wasu mutane ma suka shiga kiwonsu.

Jihohin da suka sami sauƙi sun bi hanyar da kunne ba ya so. Kansas ta haramta farautar aladen daji don nishaɗi tun 2006, ta bar aikin ga ƙwararru, kuma har yau aladunta ba su da yawa duk da tana maƙwabtaka da Oklahoma da ke fama da su. Mizuri ta hana harbinsu a filayen hukumar kare dajinta a 2016, aka faɗaɗa hanin zuwa gandun ƙasa na Mark Twain a ƙarshen 2019, ana roƙon jama'a su kai rahoto maimakon su harba. Kolorado ta sanar a 2020 cewa ta kawar da garkunan da aka sani a cikinta.

Dabarar ƙwararrun haƙuri take buƙata. Ana kafa babban shinge mai ƙofa, a bar ta a buɗe, a riƙa zuba abinci kwana da kwanaki ana kallo ta kyamara, har sai an ƙirga garken an tabbatar kowa na shiga, tun daga uwar garke mai wayo har ƙaramin cikinsu. Sannan a saki ƙofar daga nesa ta wayar salula, a kama su gaba ɗaya, kada a bar ko ɗaya da zai koyi darasi. A nan ma masara ake amfani da ita, amma ta 'yan kwanaki ce kuma ƙarshenta tarko. Harbi guda daga wani mai sha'awa a tsakiyar wannan shiri ya isa ya rushe aikin makonni. Dalilin hanin ke nan. A tsibirin Santa Cruz na Kalifoniya, ƙwararrun da aka ɗauko daga Niyu Zilan sun kashe aladu 5,036 tsakanin 2005 da 2006, suka gama da su kakaf. Kwangilarsu ta gamawa ce, don haka suka gama.

Abin da masu kare farautar ke cewa

Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, manomin da ya ga garke a gonarsa yana da haƙƙin ɗaukar bindiga. Gaskiya ne, kuma jihohin da suka hana farautar nishaɗi sun bar wa mai gona hanyar kare amfaninsa. Bambancin a bayyane yake: manomi na harbi ne yana fatan kada ya sake ganin alade, ɗan kasuwar farauta kuwa yana fatan ya gan shi mako mai zuwa.

Na biyu, sukan ce Teksas ba Kansas ba ce, miliyoyin aladu sun fi ƙarfin ma'aikatan gwamnati, idan maharba suka janye abin zai ƙazanta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Dala miliyan 20 da aka ware wa shirin tarayya a 2014, da miliyan 75 da dokar noma ta 2018 ta ƙara, ba su kai ko'ina ba idan aka auna su da hasarar biliyoyi. Babu mai hankalin da zai yi alkawarin share Teksas cikin shekara goma. Amma wannan hujja ta tsaya ne a kan harbi. Ba ta wanke zuba dubban tan na masara ba tare da shinge ba, ba ta wanke jigilar alade mai rai ba, ba ta kuma wanke gandun da ke tallata yawan aladunsa don jawo baƙi ba. Wanda ya ce gobara ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwana, ai sai a fara karɓe galan ɗin fetur daga hannunsa.

Na uku, sukan kawo batun 'yanci: filina ne, in yi abin da na ga dama. Da alade na tsayawa a kan iyaka da maganar ta zauna. Tunda ba ya tsayawa, mai ciyar da shi yana kashe dukiyar maƙwabcinsa ne ba da izininsa ba.

Abin da ya kamata

Matakan ba su da sarƙaƙiya. A wajabta shinge a kan kowace gangar masara a yankin da ke da aladu, a hana zubawa gaba ɗaya inda cuta ta ɓulla. A mayar da jigilar aladen daji mai rai babban laifi mai hukuncin da zai sa mutum ya yi tunani sau biyu. A jihohin da bai riga ya kafu ba, a haramta farautarsa tun kafin a sami masu cin abinci da shi, domin da zarar sun samu, sun zama ƙungiya mai wakilai a majalisa. A biya masu tarko bisa faɗin ƙasar da suka tsarkake ta kuma zauna a tsarkake, a daina biya bisa yawan gawa.

Abin da ya hana a yi haka ba ƙarancin ilimi ba ne, domin jami'o'in jihohin da abin ya fi shafa su suka fitar da alƙaluman da ke sama. Masu jin daɗin aladen sun fi masu shan wahalarsa haɗin kai da ƙarfin murya, kuma sun yi dace da suna mai daɗi, wai masu yaƙi da annoba. Shi ya sa duk lokacin da aka ce an ƙaddamar da yaƙi a kan wata matsala, a Teksas ne ko a wani wuri, kafin a ƙirga bindigogi ya kamata a fara bincika ko mayaƙan za su iya rayuwa idan aka ci nasara. Tenesi ta yi shekara goma sha biyu da gundumomi sittin da wani abu kafin ta yi wa kanta wannan tambaya.